Babi na Uku: Neman Iri da Sanin Mai Iri

Bayan mutum ya gina akurki, ya tanadi abinci da mazubin ruwa, ya kuma tsai da shawara a kan irin kajin da zai kiwata, sai ya iso ga matakin da ya fi kowane wuya, ko da yake galibin masu farawa suna ɗaukarsa mafi sauƙi, wato fita neman kajin da za su zama tushen kiwonsa. Dalilin wuyar kuwa shi ne, ginin da aka yi ba daidai ba ana iya rushe shi a sāke, abincin da bai karɓi kaji ba ana iya canja shi gobe da safe, amma jinin da aka shigar cikin gida ba ya fita sai an kawar da kajin baki ɗaya, kuma sau da yawa mai shi ba ya farga cewa an yi masa algus sai bayan wata shida ko shekara, lokacin da kuɗi sun riga sun tafi, hatsi ya ƙare a cikin kajin da ba su ne ya nufa ba, wanda ya sayar masa kuma ya daina ɗaukar waya.

Ya kamata tun farko mu daidaita a kan abin da ake nufi da tsantsar iri, domin a nan ne ruɗani yake farawa. Ana cewa kaji tsantsa ne idan zakara da kaza na iri ɗaya suka haifi 'ya'ya masu kamarsu a siffa da girma da launi da ɗabi'a, 'ya'yan nan su ma suka haifi masu kamarsu, haka har jikoki da tattaɓa-kunne, ba tare da wani baƙon launi ko baƙuwar sura ta ɓullo ba. Kajin gidan gona da muka saba da su, jajayen nan masu ƙwai irin su ISA Brown, da fararen nan na nama masu isa yanka a cikin mako shida ko bakwai, da Noiler da ta bazu cikin gidaje a 'yan shekarun nan, duk ba su shiga wannan ta'arifi ba, ko da yake kowace a cikinsu tana da amfaninta wanda ba mai musunsa. Ruwa-biyu ne da aka haɗa da gangan daga zuriyoyi daban-daban waɗanda kamfanonin ƙyanƙyasa suke riƙewa a hannunsu, don haka wanda ya tara ƙwansu ya sa wa kaza kwanci zai ga 'ya'yan sun fito barkatai, wannan ya ɗauko kaka na wajen uwa, wancan ya ɗauko na wajen uba, ƙwan kuma ya ragu. Wannan warwatsuwar siffofi a zuriya ta biyu ita ce ka'idar da Gregor Mendel ya bayyana a 1866 bayan ya daɗe yana gwaji da tsiron wake, kuma ba ta bar kaza ba. Hatta Shika Brown, wadda masanan Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Shika, kusa da Zariya, suka samar domin ta jure yanayin ƙasarmu, daga zuriyar uba da zuriyar uwa da aka keɓe ake fitar da ita, saboda haka mai son ta ta gaskiya sai ya koma ga masu riƙe da iyayen.

To, da me ake gane tsantsa? Turawa, da yake su mutane ne masu son rubuta kome, sun tsara wa kowane iri siffofinsa a littafi. Ƙungiyar masu kiwon kaji ta Amurka ta kafu a 1873, ta fitar da littafinta na ma'auni a 1874, ta Birtaniya kuma ta kafu a 1877, kuma har yau da waɗannan ma'aunai alƙalan baje kolin kaji suke hukunci. Wajibi ne ga mai neman iri ya haddace siffofin wanda yake so kafin ya taka ƙafarsa zuwa gidan kowa. Idan Brahma ce, to zankonta gajere ne mai layi uku a manne da kai, ƙafafunta rawaya ne masu gashi har kan yatsu, zakaran da ya cika yakan kai kilo 5 da ɗoriya, kazar kuma ta haura kilo 4. Duk Brahmar da aka nuna maka da dogon zanko tsaye mai tsaga-tsaga, ko da ƙafa fayau ba gashi, to an sami wani baƙo a cikin danginta, kome girman jikinta. Rhode Island Red ja ce mai duhu ƙwarai kamar ta koma baƙa, bindinta baƙi, ƙafarta rawaya, fatar kunnenta ja, jikinta dogo a shimfiɗe; jar kaza mai haske da fararen gashi a bindi, wadda ake yawan sayarwa da wannan suna, kazar gidan gona ce kurum. Leghorn, wadda asalinta daga Italiya ne ta tashar Liborno, siririya ce mai farin kunne da farin ƙwai, ba ta kuma cika yin kwanci ba. Sussex farar ƙafa gare ta. Silkie kuwa yatsu biyar gare ta a kowace ƙafa, fatarta da ƙashinta baƙaƙe ne, gashinta kamar auduga. Wanda ya san waɗannan, ko ba kome, ya rufe wa maƙaryaci ƙofar farko.

Amma siffa kaɗai ba ta isa hujja ba, kuma wannan shi ne jigon babin nan. Kaza tana iya cika kowace siffa a ido alhali a cikin jininta akwai abin da ba ya bayyana sai a 'ya'yanta. Doki na asali yana da rajista, ana iya bin sunan ubansa da kakansa a littafin hukuma. Kaza kuwa, ko a Amurka da Ingila, ba a yi mata irin wannan rajista ɗaya bayan ɗaya, balle a Kano ko Maraɗi. Abin da ya rage wa mai saye shi ne hanyar da malaman hadisi suka bi tun zamanin farko, wato duba isnadi kafin karɓar matani: daga wa ka samo, shi kuma daga wa, kuma mene ne halin kowane mutum a cikin salsalar, adali ne mai kiyayewa ko kuwa mai rafkana ne, ko maƙaryaci. Mai kiwon da ya san abin da yake yi, idan ka tambaye shi asalin kajinsa, zai gaya maka wurin da ya samo su da shekarar da suka shigo hannunsa, da lokacin da ya ƙara sabon zakara da inda zakaran ya fito, kuma ba zai ji haushin tambayar ba, hasali ma daɗi zai ji, har ka rasa yadda za ka tsai da shi. Wanda kuwa ya amsa maka da cewa “ai daga waje aka kawo su”, ya yi shiru, to isnadinsa ya yanke tun a mutum na farko. Shigo da tsuntsaye masu rai cikin Nijeriya abu ne da hukuma ta ɗaure da hani da sharuɗɗa, don haka wanda ya yi da'awar ya shigo da su, a nemi ya nuna takarda.

Kada mai karatu ya zaci zazzaɓin Brahma da ya kama samarinmu a wannan zamani sabon abu ne a duniya. An yi irinsa a Amurka da Ingila wajejen 1850, lokacin da manyan kajin Asiya suka fara isa can, mutane suka riƙa zuba dukiya a kan zakara guda kamar an yi musu asiri, har wani ɗan kasuwar kaji mai suna George Burnham ya aika wa Sarauniya Biktoriya kyautar Brahma a 1852, abin da ya ƙara wa kasuwarsa wuta. Duk inda tsada ta kai haka, 'yan algus sukan yi sammako su riga masu gaskiya zuwa kasuwa, kuma haka aka yi a can, haka ake yi a nan.

Saboda haka kada ka yi cinikin biri a sama. Hoton da aka turo maka a waya yana iya zama na kajin wani mutum a wata nahiya, kuma kafin-alƙalamin da ka tura wa wanda ba ka san ƙofar gidansa ba sadaka ce da ba lada. Ka tambayi likitan dabbobi na yankinku, da malaman gona, da masu sayar da abincin kaji da magani, domin su ne suka san gidan da kaji ke mutuwa da gidan da ba sa mutuwa. Ka kuma nemi mutum biyu ko uku da suka taɓa saye a hannun wanda ake yabo, ka je ka ga jikokin kajinsa a gidajensu, domin shaidar da ba ta karɓar toshiya ke nan. Sa'an nan ka tafi da kanka.

Idan ka isa, abu na farko da za ka lura da shi shi ne yadda aka raba kajin. Mai tsantsar iri yana keɓe kowane iri a ɗakinsa, da raga har sama da ƙofa mai sakata. In ka tarar da Brahma da Sussex da zakarun Hausa suna kiwo tare a tsakar gida, mai gidan kuma yana rantsuwa cewa yakan raba su idan zai tara ƙwai, ka tambaye shi kwana nawa yake raba su, domin kaza tana ajiye maniyyin zakara a cikin jikinta har mako biyu, wani lokaci uku, don haka ƙwan da ta saka kwana goma bayan rabuwa yana iya zama na zakaran da ta baro. Masu kiyayewa sukan jira wata guda cur. Ni a ganina, mutumin da ya tsaya a kan iri ɗaya ko biyu shekara da shekaru ya fi cancantar amana a kan mai iri ashirin, domin gyaran zuriya yana bukatar a ƙyanƙyashe da yawa a zaɓi kaɗan, a yanka ko a sayar da sauran don miya, kuma ba mai iya yin haka ga iri ashirin a fili ɗaya. Ka tambaye shi waɗanda ya fitar bara da dalilin fitar da su. In ya ce duk abin da ya ƙyanƙyashe na iri ne, to ba ya zaɓe, tarawa yake yi.

Akwai kuma wani abu da baƙo yakan ɗauka wulakanci alhali alheri ne. Mai kiwon kirki yana iya hana ka shiga ɗakin kaji, ya ce ka tsaya daga bayan raga, ko ya sa ka tsoma takalminka cikin ruwan magani a bakin ƙofa, ya tambaye ka ko ka biyo ta kasuwar kaji da safe. Kada ranka ya ɓaci. Wanda ya bar kowa ya shiga ya damƙi kajinsa, ya bar cutar kowa ta shiga, kuma ita za ka ɗauka ka kai gida. Haka nan, ka saurara ko zai faɗi aibin kajinsa da bakinsa, ya ce wannan zakaran bindinsa ya ɗan karkace, waccan kazar ƙwanta ƙanana ne. Wanda ya karanta babin ciniki a littafin fiƙihu na Risala ya san shari'a ta haramta ɓoye aibi da algus da cinikin garari, ta kuma ba mai saye zaɓin mayar da haja idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Yana da kyau ku yi wannan magana a fili tun kafin kuɗi su fita daga aljihu, a gaban shaida, ku ƙayyade kwanakin da za a iya mayarwa.

Lafiya tana gaba da kyau, domin akwai cututtukan da suke bin ƙwai daga uwa zuwa ɗa, waɗanda ba a ganinsu a jikin babbar kaza. Mafi shahara a cikinsu ita ce cutar farin zawo ta 'yan tsaki, wadda ta yi wa masu kiwo a Amurka ɓarna har ta sa aka kafa shirin ƙasa na gwajin jinin iyayen kaji a 1935, shirin da yake aiki har yau. Akwai kuma ciwon numfashin nan mai daɗewa, mai sa kumfa a ido da minshari, wanda magani yake kwantar da shi amma ba ya raba kazar da shi. Ka nemi ganin littafin rigakafi: na cutar Marek da ake yi ranar ƙyanƙyasa, da na Gumboro, da na Niyukasal, da na ƙurajen kaji, kowane da kwanan watansa. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana sarrafa da yawa daga cikin waɗannan magunguna, saboda haka ba mai uzurin cewa babu. Game da kasuwar kaji kuwa, wurin sayen na yanka ce, ba na iri ba, domin can ne mai kazar da ta fara rurrufe ido yake gaggawar kai ta kafin ta mutu a hannunsa, kuma wanda ya ga abin da murar tsuntsaye ta yi bayan an tabbatar da ɓullarta a Jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, ba ya bukatar a yi masa dogon wa'azi a kan haɗarin cakuɗa tsuntsayen da ba a san inda suka fito ba.

In an miƙo maka kazar da ka zaɓa, ka ɗora ƙirjinta a tafin hannunka, ƙafafunta a tsakanin yatsunka, ka ji nauyinta. Ka shafa ƙashin ƙirji: ya kasance miƙaƙƙe, da tsoka ta kowane gefe, ba mai kaifi kamar wuƙa ba. Ka dubi ido, ya zama garau, baƙin cikinsa a kewaye sosai; ka ɗan matsa gefen hanci ka ga ko majina za ta fito; ka buɗe baki ka shinshina, domin wari alama ce. Ka kara kunnenka a bayanta ka saurari numfashi. Ka ɗaga fiffike, ka hura gashin da ke kewaye da dubura, nan ƙwarƙwata take taruwa ta manna ƙwanta fari-fari a gindin gashi. Ka bi ƙafa da yatsa, ɓawonta ya kasance a kwance sumul, yatsun kuma a miƙe, domin karkataccen yatsa da karkataccen baki sukan bi jini. In kaza ce da aka ce tana ƙwai, ka sa yatsunka tsakanin ƙasusuwan nan biyu da ke gefen dubura: in sun ɗauki yatsa biyu ko uku tana saka ƙwai, in ɗaya ne da ƙyar, ko ba ta fara ba ko ta daina. Tsawon kaimin zakara kuma yakan tona asirin wanda ya rage masa shekaru.

Saura tambayar da kowa yake yi, ƙwai za a saya, ko 'yan tsaki, ko manya. Ƙwai ya fi araha, shi ya sa ya fi jan hankali, amma shi ne mafi kusa da garari, domin ba ka ga uban ba sai an nuna maka, kuma ƙwan da ya wuce mako guda a ajiye, ko ya sha zafin bazara, ko ya sha jijjiga a bayan mota daga Ibadan zuwa Sakkwato, da yawa a cikinsa sukan zama baragurbi. Ko an haska shi da tocila bayan kwana 7 zuwa 10 an ga jijiya, sai kwana 21 sun cika ake sanin gaskiya. In ba makawa, a saya kusa, a jera shi tsininsa ƙasa, a bar shi ya huta yini guda kafin a sa a inji. 'Yan tsaki sun fi dama, a duba cibiya ta rufe ta bushe, gindi ba kashi a manne, suna tsaye da ƙafafunsu suna kazar-kazar; sai dai a wannan shekaru ba a san wanda zai yi kyau ba, kusan rabi kuma zakaru ne. Abin da na fi so wa mai farawa shi ne matasa 'yan wata huɗu zuwa biyar, waɗanda siffarsu ta fito, rigakafinsu ya kammala, ba su kuma tsufa ba: zakara ɗaya da kaji biyu ko uku na ƙwarai sun fi talatin na tsaka-tsaki, ko da kuɗinsu ɗaya ne. A roƙi mai iri ya ba da zakaran da ba shaƙiƙin kajin ba ne, amma daga zuriyar kajinsa, domin haɗa wa da ƙanwa zuriya bayan zuriya yana rage ƙyanƙyasa da ƙarfin jiki, tattaro jini daga gidaje biyar kuma yana rusa aikin da kowane gida ya yi. Zakara ɗaya yana isar kaji goma a ƙananan iri, amma a manya irin Brahma kada a wuce biyar ko shida.

A duba lokaci kuma. Cutar Niyukasal ta fi yin ɓarna da hunturu, Brahma da gashinta mai kauri kuma tana shan wuya a zafin Maris da Afrilu, don haka shigo da baƙin kaji a waɗannan lokuta ƙarin kasada ne. Wanda yake zaune inda zafi ya yi tsanani, da zai nemi Fayoumi ta ƙasar Masar, ƙarama mai zafin nama wadda ta saba da rana, da ya fi samun kwanciyar rai. Ba kuma zan wuce ba sai na ce kajinmu na gida, da manyan nan na Fulani, da durgu, da masu wuya ba gashi, su ma iri ne da ya cancanci a keɓe shi a gyara. An taɓa yin shirye-shiryen raba zakarun Turawa a ƙauyuka domin a musanya su da na gida, amma galibinsu ba su daɗe ba, saboda baƙon zakara bai iya tsere wa shaho ba, bai kuma iya jure cutar da ɗan gida yake jurewa ba.

Ran da kajin suka iso, kada a haɗa su da na gida, kome kyan lafiyarsu a ido. A ajiye su a wani ɗaki mai nisa har kwana 30, da mazubin ruwansu da na abincinsu dabam, a riƙa zuwa wurinsu a ƙarshe bayan an gama da sauran, a ba su maganin tsutsar ciki, a yi musu na ƙwarƙwata, a fara su da abincin da suka saba ci a gidansu na da kafin a sauya a hankali. A sa wa kowace zobe mai lamba a ƙafa, a buɗe littafi a rubuta lambar, da sunan wanda aka saya a wurinsa, da ranar ƙyanƙyasa, da abin da ya faɗa game da iyayenta. Idan ƙyanƙyasar farko ta zo, a rubuta ƙwai nawa aka sa, nawa suka fashe, nawa suka kai wata biyu, a kuma dubi zanko da ƙafa da launin kowane ɗan tsako a gwada da na iyayen. In an ga wanda ya saɓa, a koma wa mai iri da littafin a hannu, a tambaye shi wane zakara ne ya haifi iyayen wannan ɗan tsako.